Gwamnati Ta Kawo Ɗauki, Amma Hannun Wa Kuɗin Suka Shiga?

Jama'a masu bin wannan fili, yau za mu ɗan ajiye zancen iri da taki, mu ƙetare teku zuwa ƙasar Amurka. Masu sauraron rediyo za su tuna abin da ya faru can cikin 2008, sa'ad da manyan bankunan ƙasar suka kusa durƙushewa. Gwamnatin Shugaba Bush ta kai doka gaban Majalisa, tana neman dala miliyan dubu 700 don ta tallafe su. Mutanen ƙasa suka yi caa, wasiƙu da wayoyi suka cika ofisoshin wakilai, har ran 29 ga Satumba Majalisar Wakilai ta ƙi dokar, mutum 228 suka ce a'a, 205 suka ce i. Ran nan kasuwar hannun jari ta faɗi warwas, wakilai suka tsorata, aka yi wa dokar gyare-gyare, ran 3 ga Oktoba ta wuce.

Mutane da yawa sun zaci sabon abu ne. Ba sabo ba ne, an yi irinsa shekara 76 kafin nan, kuma a wancan karo manoma ne a gaban rigimar. Shi ya sa muka ga labarin ya dace da filinmu. Abin da mu ke so ku lura da shi shi ne, mutanen nan ba fid da kuɗin Gwamnati suka ƙi ba. Tambayarsu ita ce hannun wa kuɗin za su fara shiga, kuma in sun shiga, ko za su fito.

Sai mu fara da halin da manomin ya ke ciki. Noman Amurka na sayarwa ne, ba na cika rumbu ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko kuɗin amfanin gona ya hau ƙwarai, sai manoma suka ci bashi suka ƙara gonaki, suka sayi injuna, suka jinginar da gonakin ga banki ko kamfanin inshora. Da yaƙi ya ƙare kuɗi ya sauka, suka yi shekara goma suna lallaɓawa. Cikin Oktoba 1929 kasuwar hannun jari ta birnin Niyu Yok ta rushe, ciniki ya ɓaci ko'ina a duniya. Awon alkama guda mai nauyin laba 60, wanda a ke sayarwa wajen dala guda cikin 1929, ya koma senti 38 cikin 1932. Senti ɗari ke yin dala guda. Labar auduga ta sauko daga wajen senti 17 zuwa wajen senti 6. A jihar Ayowa masara ta yi arha har waɗansu suka riƙa hura wuta da ita lokacin sanyi, don ta fi gawayin kwal sauƙi.

To, shi bashi ba ya sauka don kasuwa ta sauka. Ku yi lissafi da kanku. Wanda a ke bi dala 100, in cikin 1929 ne zai kai awo ɗari na alkama ya huta. Cikin 1932 sai ya kai awo 260 da 'yan kai, ga gona ita ce dai, ga ruwan sama shi ne dai. In ya kasa, mai bashi ya kai ƙara, alƙali ya sa hannu, a yi gwanjon gonar da dabbobi da garma. Dattawanmu sun san ɗanɗanon shekarun nan, don a lokacin ne kuɗin gyaɗa da na auduga suka karye a kasuwannin Kano da Zariya da Funtuwa, haraji kuwa sai an biya da tsabar kuɗi. Audugar Amurka ce ke jan farashi a Ingila, in ta faɗi tamu ma ta bi ta.

Shugaban Amurka a lokacin, Mista Herbert Hoover, mutum ne mai ƙwazo, kuma shi ne ya shugabanci ciyad da mayunwata a Turai zamanin yaƙi. Amma yana da ra'ayi guda da ya riƙe gam, cewa in Gwamnati ta miƙa wa mutum kuɗi ko abinci kyauta ta kashe masa zuciya. Cikin 1930 aka yi fari mai tsanani a jihohin kudu da na tsakiya. Majalisa ta ware dala miliyan 45 na rance don manoma su sayi iri da taki da abincin dabbobi, da aka ce a haɗa da abincin mutane sai Hoover ya ƙi, ya ce wannan aikin ƙungiyar agaji ta Red Cross ne. Ran 3 ga Janairu 1931 manoma suka shigo wani ƙaramin gari a jihar Arkansas, sunansa England, amma fa ba Ingilar da muka sani ba, suka ce 'ya'yansu na jin yunwa, ba za su koma gida hannu wofi ba. Masu kantuna suka buɗe suka ba su. Daga nan magana ta bazu cewa Gwamnati ta yarda ta ciyad da alfadari, amma ba ta yarda ta ciyad da mai alfadarin ba.

Cikin 1931 bankuna fiye da 2,000 suka rufe ƙofa da ajiyar mutane a ciki. Da abin ya kai haka, Hoover ya ga ba makawa sai Gwamnati ta sa hannu. Cikin Janairu 1932 aka yi doka aka kafa wata hukumar ba da rance don farfaɗo da ciniki, wadda su ke kira R.F.C. a taƙaice. Aka ba ta jarin dala miliyan 500, da izinin ta ranto waɗansu miliyan 1,500. Aikinta shi ne ta ranta wa bankuna da kamfanonin jirgin ƙasa da na inshora. Hujjar masu dokar ita ce, in banki ya tsaya da ƙafarsa zai ranta wa ɗan kasuwa, ɗan kasuwa ya ɗauki ma'aikata, ma'aikata su sayi abin da manomi ya noma. Watau a zuba ruwa a bisa tudu, ya gangaro kwari da kansa.

Hujjar ba banza ba ce, don rufewar bankuna ta ɗan lafa a watannin farko. Amma ruwan bai gangaro ba. Bankunan da suka karɓi rance sun tsorata, suka ƙulle kuɗin a akwati, ko suka biya nasu basusukan. Wani kamfanin jirgin ƙasa ya karɓi rance ya juya ya biya manyan masu banki na Niyu Yok da ke bin sa. Bugu da ƙari, a watannin farko ba a faɗin sunan wanda aka ranta wa, wai don kada masu ajiya su ji su firgita. Wani wakili daga Niyu Yok, Mista La Guardia, ya laƙaba wa dokar suna sadakar masu miliyan, sunan kuwa ya bi ta.

Abin da ya fi ɓata wa hukumar suna ya faru cikin Yuni 1932. Shugabanta na farko, Mista Charles Dawes, wanda ya taɓa zama Mataimakin Shugaban Ƙasa, ya ajiye aiki ya koma birnin Shikago inda ya ke da banki. Ba a yi wata guda ba hukumar da ya bari ta ranta wa bankinsa dala miliyan 90. Don a yi adalci sai mu faɗa, a makon nan mutanen Shikago sun yi dafifi a ƙofofin bankuna suna kwashe ajiyarsu, kuma masu hukumar sun ji tsoron in wannan banki ya faɗi zai ja sauran. Mai yiwuwa gaskiyarsu ne. Amma je ka gaya wa mutumin da aka yi gwanjon gonarsa a kan bashin dala ɗari biyar, ka ji abin da zai ce maka. Cikin Yuli Majalisa ta tilasta aka ware dala miliyan 300 don a ranta wa jihohi su ciyad da marasa aiki, ta kuma ce a riƙa kawo mata sunayen masu karɓar rance. Har shekarar ta ƙare abin da ya fita daga miliyan 300 ɗin nan kamar miliyan 30 ne kurum, watau sulusin abin da banki guda ya samu.

A damanar nan ce kuma 'yan mazan jiya dubbai suka taru a Washintan, suka kafa bukkoki, suna roƙon a ba su kuɗin sallamar da aka yi musu alkawarin biya sai 1945. Suna cewa tun da an sami na masu banki, ai a sami nasu. Majalisar Dattawa ta ƙi. Ran 28 ga Yuli soja suka kore su da hayaƙi mai sa hawaye, aka ƙone bukkokin.

Manoma kuwa sai suka ɗauki tasu hanya. A Ayowa wani dattijo mai kaifin baki, Milo Reno, ya jagoranci wata ƙungiya da suka kira ta hutun manoma. Sunan ba'a ne, don a zamanin in banki zai hana mutane kuɗinsu sai a ce yana hutu, sai manoma suka ce to, su ma za su yi hutu, ba mai kai kome kasuwa sai kuɗin kaya ya biya wahalar nomansa. Cikin Agusta 1932 suka tare hanyoyin shiga garin Sioux City da gungume da katako mai ƙusa, suka riƙa tsai da motoci suna tuntsurar da madara cikin kwata. Yajin bai ɗaga kuɗin kome ba, don ba yadda za a yi manoma miliyan shida su haɗa baki, wannan ya riƙe kayansa wancan ya kai da dare. Amma ya sa mutanen birni sun waiwayo.

Dabararsu ta biyu ta fi ci, kuma ita ce ta fi ba mu sha'awa. Ran da za a yi gwanjon gonar wani, sai maƙwabta su taru tun da safe, ɗari biyu, ɗari uku, wani lokaci fiye. In baƙo ya zo da niyyar saye, sai ƙarti biyu ko uku su tsaya kusa da shi, ba zagi ba duka, su dai tambaye shi ko ya tabbata yana son kayan nan. Wani wuri har igiya a ke ratayawa a bakin rumbu don mai ido ya gani. Sai ɗan gwanjo ya ɗaga murya, ga doki, nawa? Wani ya ce senti biyar. Shiru. Ga saniya, senti goma. Ga garma, senti biyar. Doka ta ce a sallama wa wanda ya fi tayi, to ba wanda ya fi. In an gama a tara 'yan sentocin a miƙa wa wakilin banki, a mayar wa mai gona kayansa. Ba mu ce halal ne a tsorata mai saye ba, kuma shi mai bashi haƙƙinsa ya ke nema. Sai dai duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya san abin da ke sa mutum ya bar aikinsa ya tafi gonar maƙwabci. Abin ya yi yawa har waɗansu manyan kamfanonin inshora suka dakatad da kai ƙara, jihohi kamar Minnesota kuma suka yi dokar jinkirta gwanjo.

Cikin Nuwamba 1932 aka yi zaɓe, Mista Franklin Roosevelt ya ka da Hoover a jihohi 42 cikin 48. Ya hau ran 4 ga Maris 1933, bankunan ƙasar galibi a rufe. Nan akwai abin lura. Abu na farko da sabon Shugaba ya yi shi ne ceton bankuna, abin nan dai da aka zagi Hoover a kai. Ya rufe su duka, ran 9 ga Maris ya aika da doka, Majalisar Wakilai ta amince cikin minti arba'in ko ƙasa da haka, yawancin wakilai ba su ko ga takardar ba, karanta musu aka yi. Dokar ta ba hukumar R.F.C. ɗin nan ikon zuba jari cikin bankuna, ba rance kaɗai ba. Amma ba a yi bore ba. Ran 12 ga Maris da dare Roosevelt ya yi magana a rediyo, ya bayyana wa mutane da harshe mai sauƙi abin da banki ke yi da ajiyarsu, da dalilin rufewa, ya ce ba za a buɗe kowane banki ba sai wanda aka bincika aka ga lafiyarsa. Da gari ya waye aka fara buɗewa, masu kawo kuɗi suka fi masu ɗiba yawa. Bayan wata uku aka yi dokar da ta lamunce wa mai ƙaramar ajiya kuɗinsa ko da banki ya karye, aka fara da dala 2,500 daga Janairu 1934. Kun ga bambancin. Wancan karo an yi a ɓoye, mai banki kaɗai aka gani ya amfana. Wannan karo an yi bayani a fili, mai ajiya kuma ya ga rabonsa.

Su manoma ba su ga nasu ba tukuna, haƙuri kuwa ya ƙare. Ran 27 ga Afrilu 1933, a garin Le Mars na Ayowa, taron manoma suka shiga kotu suka ce wa alƙali Charles Bradley ya rantse ba zai ƙara sa hannu a takardar gwanjo ba. Ya ƙi. Suka jawo shi daga kujera, suka sa shi a mota zuwa bayan gari, suka zarga masa igiya a wuya, suka shafa masa baƙin mai. Tsohon bai rantse ba, su kuma Allah ya sa ba su kashe shi ba, suka watse suka bar shi a hanya. Gwamnan jihar ya aika da soja, aka kama mutane da yawa. Mutanen nan fa ba 'yan iska ba ne, masu gonaki ne da iyali, waɗanda ba su saba ko da gardama da ɗan sanda ba. Milo Reno ya sa ran 13 ga Mayu za a fara yaji a ƙasa duka. Ran 12 ga Mayu Roosevelt ya sa hannu a dokar manoma, aka fasa yajin.

Dokar kashi biyu ce a wajenmu. Kashi na farko na bashi ne, kuma ba a yi wata gardama a kansa ba. Gwamnati ta karɓi jinginar gonaki daga hannun masu bin bashi, ta sauke ruwan kuɗin, ta tsawaita lokacin biya. Cikin Oktoba Shugaba ya faɗa a rediyo cewa duk iyalin da a ke shirin raba su da gonarsu su bugo waya Washintan. Cikin shekara guda da rabi an sabunta wajen kashi ɗaya cikin biyar na jinginar gonakin ƙasar. Masu banki ma sun yi murna, don sun sami kuɗinsu maimakon gonakin da ba mai saye.

Kashi na biyu shi ne ya ta da ƙura. Masana suka ce ciwon shi ne kaya sun yi yawa, maganin kuwa a rage. Sabo da haka Gwamnati za ta biya manomi don ya rage abin da ya ke nomawa na alkama da auduga da masara da taba da sauransu. Kuɗin biyan za su fito daga wani haraji da aka ɗora wa masu injin niƙa da masaƙu da kamfanonin nama, senti 30 a kan awon alkama, senti huɗu da ɗan kai a kan labar auduga. To, ran da aka sa hannu an riga an yi shuka, dabbobi kuma sun riga sun haihu. Sai Ministan Aikin Gona, Mista Henry Wallace, wanda shi ma ɗan Ayowa ne kuma masanin irin masara, ya ba da umurni a bi auduga da garma a tumɓuke. Aka kashe wajen eka miliyan 10, aka biya fiye da dala miliyan 100. An ce alfadarai sun ƙi, don tun suna ƙanana a ke dukansu in sun taka kunya, yau kuma ga shi ana dukansu don su taka.

Bayan auduga sai aladu, waɗanda su ne babbar dabbar kiwo ta masu noman masara a can. Cikin Agusta da Satumba 1933 Gwamnati ta sayi 'ya'yan aladu wajen miliyan 6 ta sa aka yanka. An raba wa matalauta wani kashi na naman, amma yawancinsu sun yi ƙanƙanta, aka narkar aka yi kitse da taki, waɗansu ma aka zubar. Kai, ƙasa ta ɗauka! Mutum miliyan goma sha wani abu ba su da aiki, ana layi don karɓar miya da burodi, yara na yawo da tsumma, ga Gwamnati na biya a lalata abinci da abin tufafi. Jaridu suka yi ta zane da zambo. Wallace ya ce shi ma bai so ba, amma ya yi wa masu suka ba'a, ya ce suna magana sai ka ce kowane ɗan alade yana da haƙƙin ya girma ya yi ƙiba kafin a yanka shi. Ya kuma ce masu masana'antu sun rage aiki sun kori ma'aikata don su tsare farashinsu, ba wanda ya zage su. Maganarsa ta biyu tana da ƙarfi. Duk da haka mu a ganinmu mutanen gari ba su yi kuskure ba da ransu ya ɓaci, don fushin nan ne ya sa cikin Oktoba aka kafa wata hukuma mai sayen rarar amfanin gona tana raba wa mabukata.

Kuɗin kaya kuwa ya hau. Auduga ta kai senti 10 cikin 1933, ta kai 12 cikin 1934, ko da ya ke farin da aka yi cikin 1934 ya rage amfanin gona fiye da yadda doka ta rage. Da aka tambayi masu noman alkama da na masara ta hanyar ƙuri'a cikin 1935 ko a ci gaba, suka ce a ci gaba da rinjaye mai yawa. Matan birni kuwa da ke sayen nama da burodi da tsada suna ta tsaki, don harajin nan a kansu ya ƙare.

Saura waɗanda ba a tambaya ba. A jihohin kudu masu auduga, yawancin masu riƙe da garma ba su da ko taƙi na ƙasa. 'Yan noma-mu-raba ne, baƙaƙe jikokin bayi da farare matalauta. Mai ƙasa ya ba ka fili da bukka da alfadari, ya ba ka abinci bashi daga kantinsa, da kaka a raba auduga biyu, ya cire bashinsa daga rabonka, littafin lissafi kuwa a hannunsa ya ke. Gwamnati ta ƙulla yarjejeniyarta da masu ƙasa, takardar kuɗi ta tafi wurinsu, aka ce su ba talakawansu rabonsu. Kwamitin da zai duba ko an bi ƙa'ida a kowace gunduma, masu ƙasar ne dai a ciki. Waɗansu sun raba tsakani da Allah. Da yawa suka ce ai kana da tsohon bashi, suka riƙe. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Mafi muni, tun da an rage fili da kashi ɗaya cikin uku ko fiye, mai ƙasa ba ya bukatar hannuwa da yawa, sai ya sallami iyalai, ya sayi tarakta da kuɗin Gwamnati, in lokacin tsinka ya zo ya ɗauki 'yan ƙodago.

Cikin Yuli 1934, kusa da garin Tyronza a Arkansas, mutum 18 suka taru a wata makaranta, 11 farare 7 baƙaƙe, suka kafa ƙungiyar manoma marasa ƙasa. Wanda ya san kudancin Amurka na zamanin nan, inda baƙi da fari ba sa zama a benci guda, zai san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bukatarsu ba ta wuce a ba su rabon da doka ta ce nasu ne ba, a kuma daina korarsu. Aka amsa musu da duka da ɗauri da harbin gidaje da dare. A Washintan waɗansu lauyoyin Ma'aikatar Gona suka fassara yarjejeniyar da cewa wajibi ne mai ƙasa ya riƙe mutanen da ke gonarsa. Manyan masu auduga da wakilansu suka taso, cikin Fabrairu 1935 aka sallami shugaban lauyoyin, Mista Jerome Frank, da waɗansu abokan aikinsa. Roosevelt yana bukatar ƙuri'un wakilan kudu a Majalisa, su kuwa 'yan noma-mu-raba yawancinsu ba su da ƙuri'a, don harajin zaɓe da waɗansu dabaru sun hana su.

Ba kukansu ne ya ka da dokar ba, ƙarar masu masaƙa ce. Masu kula da wata masaƙar auduga a jihar Massachusetts suka ƙi biyan harajin, magana ta kai Kotun Ƙoli, ran 6 ga Janairu 1936 alƙalai shida cikin tara suka ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki. Kusa da garin Ames a Ayowa aka wayi gari aka ga mutum-mutumi shida sanye da baƙaƙen riguna irin na alƙalai, an rataye su a bakin hanya. Kotun ta kuma sa a mayar wa kamfanoni wajen dala miliyan 200 na harajin da aka tsare lokacin shari'a, alhali sun riga sun ɗora shi a kan masu saye. Gwamnati ba ta ɓata lokaci ba, kafin ƙarshen Fabrairu ta fito da wata doka mai biyan manomi daga baitulmali in ya huta da ƙasarsa ya shuka ciyawa ko wake don gyaran ƙasa. Cikin 1938 aka yi wata cikakkiya, wadda ta zama tushen tallafin da Gwamnatin Amurka ta daɗe tana ba manomanta.

Sababbin dokokin sun ƙara rabon ɗan noma-mu-raba, sun kuma nemi kuɗinsa su isa hannunsa. Sai masu ƙasa suka ga ai in babu shi a gonar sam, ba wanda za a raba da shi. Cikin Janairu 1939, tsakiyar hunturu, a kudu maso gabashin jihar Missouri, mutum fiye da dubu waɗanda aka ba takardar tashi suka kwashe gadajensu da tukwanensu da kajinsu, suka zauna a gefen manyan hanyoyi biyu inda duk mai wucewa zai gan su. Wani mai wa'azi baƙar fata, Owen Whitfield, wanda shi ma ɗan noma-mu-raba ne, shi ya shirya abin. 'Yan jarida suka zo suka ɗauki hotuna, ƙasa duka ta gani. Bayan 'yan kwanaki hukumar jihar ta ce zamansu a nan haɗari ne ga lafiyar jama'a, 'yan sanda suka zo da motoci suka kwashe su zuwa wuraren da ba a hangowa daga hanya.